Takwararki da Tsohuwar Ƙanƙara

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau. Maman yara ta warke daga mura, har ta koma yi mini faɗa a kan kayan gyaran da nake zubarwa a falo, kin ga kuwa sauƙi ya samu. Shago ma alhamdu lillahi, zafin bana ya sa firiji sai lalacewa suke, ni kuwa ban yi kuka ba.

Dalilin rubutun nan 'yata ce, takwararki. Na san kin ji an zaɓe ta cikin masu binciken da za su tafi can ƙarshen duniya, inda babu gari babu itace sai ƙanƙara, su yi watanni suna haƙa. Na kuma ji kin ce ba da yawunki ba. Yaya, ni ma haka na ce da farko. Na gaya mata ni na ƙare ƙuruciyata a bayan firijin mutane, ban kai ta makaranta don ta shige cikinsa ta zauna ba. Ta yi dariya, amma idonta ya kawo ruwa. Ta ce in ni da ke ba mu sa albarka ba, za ta bar wa wani gurbin, ga shi shugabarsu tana jiran amsa kafin wata ya ƙare. Abu ɗaya ta roƙa, in je in ga aikin da idona.

Na je kuwa. Suka sa mini riga mai kauri da hula da safar hannu, na koma kamar buhun auduga mai tafiya. Ɗakin ajiyarsu kantoci ne har sama, an jera sandunan ƙanƙara dogaye, kaurinsu kamar gwangwanin madara, kowanne cikin ledarsa. Sanyin ya sa gashin hancina ya ƙame. Kin san hali, sai na fara leƙen injin sanyaya ɗakin, ta ja hannun rigata ta ce ba gyara aka kira ni ba.

Ta haska fitila a bayan wani sanda, sai ga layi-layi a ciki da ƙananan ƙwayoyi kamar idon kifi. Ta ce dusar ƙanƙara ce ta kowace shekara take danne ta bara, har ta zama dutse, iskar lokacin kuma ta maƙale a ciki. Wai akwai zamanin da ƙanƙara ta rufe manyan ƙasashe, tudunta ya shanye duwatsu, ruwan teku ya ja baya har mutane suka taka da ƙafa inda yau jiragen ruwa ke wucewa. Daga baya duniya ta ɗumama, ta narke, teku ya dawo. Ba sau ɗaya aka yi haka ba. A cikin ƙwayoyin nan suke auna iskar da ke riƙe zafi, kuma ta yanzu ta fi duk wadda suka taɓa samu a ciki yawa. Shi ya sa suke son haƙo ƙanƙarar da ta fi wannan tsufa, su gane yadda narkewar take tafiya. Nan ta ambace ki, ta ce mutane irin Gwaggonta da ke zaune bakin teku su suka fi kowa buƙatar amsar.

Da muka fito, ta ɗauko ɗan guntun da ya rage bayan sun gama awo, ta jefa a kofin ruwa, ta ce in kara a kunne. Yaya, ƙara yake ƙyas-ƙyas kamar mai a kasko! Iska ce da ke kulle tun kafin a gina gari ko ɗaya a duniya, ta fito a gefen kumatuna. Ni da ƙanƙara ta ci da ni shekara da shekaru, na tsaya baki buɗe ina tasbihi. Na dubi yarinyar nan, na ga fuskarta tana haske irin wanda ban gani ba tun ranar da kika kawo mata littattafanta na farko. A wurin na ce ta je, Allah Ya tsare. Ta rungume ni da ƙarfi har ruwan kofin ya zube mini a takalmi, abokan aikinta suna tafi.

Ban saki jiki haka kawai ba. Na zauna da shugabar tasu, dattijuwa mai natsuwa da ta sha zuwa can, na yi mata tambayoyi har ta ce ko ni ma a rubuta sunana. Akwai likita tare da su, akwai hanyar kiran gida.

Saura ke. Har yau ba ta ba su amsa ba, wayarta kullum a hannu, in ta yi ƙara sai ta zabura ta duba ko ke ce. Ke kika goye ta, kin fi ni sanin zuciyarta. Ki kira ta, ko faɗan ne ki fara yi mata, ta saba, in ya so albarkar ta biyo baya.

Ki gaishe mini da maigidan, da babban ɗanmu da amaryarsa, da 'yan biyu. Maman yara tana gaishe ki, ta ce ta riga ta fara saƙa wa takwararki hula, kada ki bari ta yi wahalar banza.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Mai firiji