Ɗigon da Inna ke kallo

Litinin, 3 ga Maris
Tsohuwar wayata ta cika. Batirinta ya kumbura har ya ɗaga gilas. Zafin ɗakin gugar otal ne ya dafa ta a aljihuna. Mai gyara ya jujjuya ta ya ce, "Maigida, wannan sai dai addu'a." Bai cuce ni ba. Na bar masa ita ya ciri abin cira, na yi ciko ya ba ni wata mai araha, ba 'yar gidansu ɗaya ba. Roba zalla, kamar na riƙe murfin kwano.

Laraba, 5 ga Maris
Komai nata a juye yake. In na nemi komawa baya, ta buɗe mini kyamara. Wasu lambobin sun biyo ni, wasu sun ƙi. Dogo, abokin ɗakina, ya ce, "Na masu roƙo ne suka ɓata, ka gode wa Allah." Caji kam tana riƙewa. A ba kowa haƙƙinsa.

Juma'a, 7 ga Maris
Auta ta kira tana kuka. Na manta da ɗigon, wallahi na manta.

Da zan taho na bar wa ƙanwar tawa waya irin tawa, aka haɗa su yadda za ta riƙa ganina a taswira, ɗan ɗigo shuɗi. Tun da Inna ta fara rikicewa ta daina gane mutane, shi kaɗai ta riƙe. Sai an kai mata wayar ta ga ɗigon ya tafi aiki sannan take karyawa. Ni ma ya hutar da ni. Kiran gida ba ya zuwa shi kaɗai, kowace gaisuwa da jelarta: rufin ɗaki, magani, ɗan wane zai shiga makaranta. Sai na bar ɗigon yana gaisuwa a madadina.

Yanzu ya tsaya cak a kasuwar 'yan waya, ya yi toka-toka. Inna ta ce kashe ni aka yi ake ɓoye mata. Ta ture kwano.

Asabar, 8 ga Maris
Dogo ya sa mini wata manhaja, Auta ma ta sa. Ɗigon ya fito, amma kore. Inna ta duba ta ce, "Wannan ba nawa ba ne." Wai ita ce ba ta gane komai.

Talata, 11 ga Maris
Na roƙi shugabar sashenmu ta sake ni da rana. Ta yi tsaki, amma ta sake ni. Na tarar mai gyara ya riga ya feɗe tsohuwar wayar. Ya jawo durowa ya nuna mini fatar, cikin yana wayar wani. Da na faɗa masa dalili ya ce da ya sani. Ni da na sani fa?

Alhamis, 13 ga Maris
Ruwan shayi kawai Inna take sha. Auta ta ce sai an ɗaga ta.

Lahadi, 16 ga Maris
Na kira Inna ta bidiyo. Na daɗe ban yi ba. Ta rame, wuyan kamar zare. Ta ƙura mini ido.

"Wane ne wannan tsohon?"

Auta ta ce, "Inna, Yaya ne fa."

"Ke tafi can. Ɗana ba shi da furfura."

Na ɗora wa kyamarar laifi, ta araha ce. Daga baya na duba madubin banɗaki. Ba ta yi mini ƙage ba.

Har zan kashe sai ta ce, "Bawan Allah, kai ma a can kake? Ka san ɗana?"

Kafin in ankara na ce, "Na san shi, Inna. Tare muke aiki."

"Yana da rai?"

"Yanzu na baro shi yana guga. Wayarsa ce ta mutu."

"Yana cin abinci?"

"Yana ci. Ya ce ke ma ki ci."

Auta ta turo saƙo daga baya: ta ci rabin kwano. Allah Ya yafe mini wannan.

Laraba, 26 ga Maris
Ɗan aike take ce mini yanzu. Lokacin hutun rana nake zagayawa bayan injinan busarwa, in zauna kan ƙullin zannuwan gado in kira. In na makara ta ce, "Kai ɗan aike, ƙafarka da nauyi." Labarin ɗanta take ba ni. Wai zuciya gare shi tun yana goye, amma ba ya cin amanar kowa. Wai kada in ga laifinsa don ba ya kira, su ne suka yi masa yawa. Na ce ina jin ba haka ba ne. Ta ce, "Kai ka haife shi?"

Dogo ya samo mai sayar da irin tsohuwar wayata, ta hannu, ya ce ɗigon zai dawo shuɗinsa. Na ce ya bari tukuna. Ba wani abu ba, na dai fara sabawa da wannan ɗin.

Yau ta ba ni saƙo: in ce masa in ya gaji ya dawo haka nan, ba sai ya riƙo komai ba. Ta sa na maimaita don kada in manta.

Na ce zai ji.