Gwiwar Hannun Nura

Daren Laraba

Da hagu nake rubutun nan, dama tana rataye a wuya. Ni na jawo wa kaina. Na ce bari in nuna wa ɗana Nura yadda maza ke jifa, ina wurga dutsen kafaɗa ta ce ƙas.

Tun da aka sa yaron nan mai jefa ƙwallo a besbol ɗin makarantarsu, wasan nan da ake jefo ƙwallo a doke ta da sanda, kocinsu ke cewa ƙarfin jifa daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, kuma dole hannu ya riƙa hutawa. Ni kuwa, mai digiri a kaɗo goruba, na ce lalaci ne. Kullum bayan La'asar sai in ja shi bayan gari ya yi ta jifa da manyan duwatsu, wai in ya koma kan ƙwallo zai ji ta kamar auduga. Ya sha ce mini, "Baba, gwiwar hannuna tana zafi." In ce masa ai ƙarfin ne yake shiga.

Shi ya raka ni asibiti. Likita na cikin tsokanata, "Malam Habu, da furfurarka?" sai ya lura da yadda yaron ke tallafe da hannu. Ya duba shi, ya tura shi waje, fara'ar ta ɗauke. Ya ce jijiya ta taɓu, ba shi ba jifa sai bayan watanni, shi ma in an dace.

Ranar Asabar za a zaɓi 'yan wasan jiha. Nura bai san abin da likita ya ce ba, ɗazu ma ya gama wanke takalmansa. Uwarsa ta ce wallahi ba daga bakinta zai ji ba. Bayan Asuba sai ni in faɗa masa. Tun ɗazu nake neman barkwancin da zan fara da shi, ban samu ba.