Goyon Tsumma

Litinin, 8 ga Satumba
Ruwa ya ci shagona, ko zarto bai bar min ba. A ajin makaranta muke kwana, ni da matata da Auta. Nonon uwarta ya ƙafe. Yau shugaban masu tsaron rabon agaji, wanda ake kira Mai Usur, ya miƙo min gora. In tsare layi, a ba ni gwangwanin madarar jarirai duk ranar rabo. Na karɓa. Riƙewa kawai zan yi.

Laraba, 10 ga Satumba
Mota ta zo, mutane suka yi mata caa. An tattake wata tsohuwa a bakin ƙofa, haƙorinta a cikin laka. Wani ya fasa wa wani kai da bokiti a kan bargo. Bargo fa. Ban daki kowa ba.

Alhamis, 11 ga Satumba
Dokar masu agajin, mai goyo ce gaba. To, mata sun gano. Sai a naɗe tsumma ko filo, a sa masa hula, a goya, a lulluɓe da mayafi. Mai Usur ya ce, "Ba kafinta ba ne kai? Ƙwanƙwasa ka ji. Na gaske zai yi kuka."

Asabar, 13 ga Satumba
Na kama su da yawa. Da zunguri nake yi, yanzu maka wa goyon gora nake, filo ya faɗo a yi ta shewa. Haushinsu nake ji wallahi, madarar 'ya'yan mutane suke sata. Wata ta tofa min yawu, na wanke ta da mari. Auta ta sha ta ƙoshi, har da gyatsa.

Lahadi, 14 ga Satumba
Hannu ya saba.

Talata, 16 ga Satumba
Wata siririya, sabuwar zuwa. Goyonta ko motsi babu. Na zungura, shiru. Ta juyo tana cewa, "Malam, ba shi da lafiya," amma na riga na sauke gorar. Ƙarar ba ta filo ba ce.

Gudawa ce ta cinye yaron, ko ƙarfin kuka ba shi da shi. Jini ya jiƙa hular. Uwar ta kafa min haƙora a hannu har ƙashi, ban fizge ba. Aka ruga da shi tantin likita. Mai Usur ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ya miƙo min gwangwanina. Na karɓa. Innalillahi, na karɓa.

Alhamis, 18 ga Satumba
An ce yana numfashi. An ce dai.

Ban fita layi ba yau. Hannun ne ya kumbura, ba wani abu ba. Gobe ma da wuya ya saɓe, madara kuwa ta kai gindin gwangwani.

Matata dai damawa take tana ba Auta. Amma ɗazu tana goye da ita na zo wucewa ta bayanta, sai ta juyo da sauri ta fuskance ni, ta sa goyon a jikin bango har na wuce.