Motar da na sa Baba ya sayar

Daren Laraba, Edmonton

Yau a laburare na karanta tarihin irin motar Baba, tsohuwar nan ta Amurka mai ƙugin inji. Ashe kaɗan aka ƙera. Fetur ya yi tsada, masu saye suka gudu, kamfanin ya daina. Abin da Baba yake ta faɗa ke nan, ni kuwa uban 'yan karatu na daka masa tsawa: "Tarkace ne, hukumar unguwa na son garejinta!" Ya sayar.

Na dawo zan ba shi haƙuri, na tarar yana juya ɗayan makullinta a hannu. Ya ce, "Sadiƙu, kana ganin mutumin da ya saya yana wanke ta ran Asabar?"

Duk kaifin bakin nan nawa, sai na zauna kusa da shi ina kallon makullin.