Keken Ɗinkina da Gwangwanin Ƙarƙashin Gado

Da sunan Allah nake farawa. Ni ce mahaifiyarku, wadda unguwa ke kira Mai Keke. Da hannuna nake rubuta wannan, cikin hankalina, ba wanda ya matsa mini. Ƙafafu sun gaji, ido ya daina ganin kafar allura, amma kaina yana nan daram. Likita ya yi ta kewaye-kewaye, na dai gane inda ya dosa. Gida da abin da ke ciki, a raba yadda addini ya tsara. Ƙananan abubuwa zan yi magana a kansu, don na san su ne ke haɗa 'yan'uwa faɗa.

Na ɗaya. Safar hannun nan mai yatsa uku da ke cikin akwatina ta Babba ce. Ita ce abu na farko da na ɗinka wanda ba sutura ba. Shekarar da injin yanka katako ya cire wa babanku yatsu biyu, sai ya koma ɓoye hannu a aljihu, ko gaisawa ba ya so. Na yanka tsohon wandonsa na kaki, sau huɗu ina ɗinkawa ina warwarewa kafin ta zauna. Ya saka, ya jujjuya hannun, ya ce dama yatsun sun yi masa yawa. Washegari ya koma aiki. Babba, ka gaji zafin zuciyarsa, ka daure ka gaji barkwancinsa ma.

Na biyu. Auta, ɗan ƙyallen nan mai ɗigo-ɗigo naki ne. Rigar kazarki ce, wadda sauran kaji suka fige wa baya kika kwana biyu kina kuka. Maƙwabta har leƙe suke ta katanga don ganin kaza da riga. Daga ranar aka san ƙofata. Mai son rigar rediyo, mai son mayafin keji don akunsa ya yi shiru, mai gyaran agogo da wandonsa mai ƙafa ɗaya. Na taɓa ɗinka wa bakwaini hula, a jikin lemo na gwada ta. Abin da tela zai yi wa dariya a kasuwa, nan ake kawo shi, a zauna a kan tabarmar da ke bakin taga a faɗa mini a hankali. Ina kewar ƙarar keken nan da hantsi, kuna rarrafe a ƙarƙashinsa kuna tsintar ƙyalle.

Na uku, kuma shi ne mai nauyi. Akwai gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadona. Kada a buɗe shi gaban masu ta'aziyya. Kun san an yi wa ƙanwata, Inna Ƙarama, aiki an cire mata nono ɗaya. Abin da ba ku sani ba, wata bakwai ta yi ba ta taka ƙofar gida ba. Na ɗinka mata na ƙyalle na cusa auduga. Da ta ɗaga hannu sai ya haye kafaɗa. Muka dubi juna, muka yi dariya har da hawaye, dariyarta ta farko tun asibiti. Daga baya na gane sai an zuba ƙananan duwatsun ado a ciki yake nauyi ya zauna. Ita ta gaya wa wata a layin ganin likita, waccan ma ta gaya wa wata. Takardun da ke cikin gwangwanin awon matan nan ne, kowace da laƙabin da na sa mata. Wasu ko 'ya'yansu ba su sani ba. Wasu kuna gaisawa da su kullum. Wanda ya gane wata a ciki, ya haɗiye har kabarinsa.

Na huɗu. Keken ɗinki da gwangwanin na ba matar Babba. Ba ta cikin magada, kyauta ce daga kason da aka halatta mini. Shekara tara tana zaune gefena, ta iya auna mace ba tare da ta sa ta jin kunya ba. Malama, na san wannan zai sosa miki rai, ke ce babbar 'yata mace. Shekara uku ke nan ba kya magana da ita, tun ranar da abokan aikinki suka zo suka tarar da nonuwan ƙyalle a kan igiyar shanya, kika kwashe su kika tura a bokiti, kika ce ina zubar miki da mutunci. Ita kuma ta mayar miki da magana mai zafi. Laifin nawa ne, ni na shanya su a tsakar gida, kuma ban taɓa zaunar da ke na gaya miki na su wa ne ba. Na yafe miki tun a ranar. Babban almakashina naki ne, don duk gidan nan ba mai yanka a miƙe kamarki. Ki riƙa zuwa kina yanka mata. Ke za ki fara sallama, ita kuma ta tashi ta karɓe ki.

Na biyar. Akwai aiki ɗaya da ban gama ba, nonon ƙyalle ne na hagu, yana cikin aljihun keke, saura a rufe bakinsa. Mai shi doguwa ce, ba ta cika magana ba, za ta ce ta zo karɓar saƙo. A gama mata kafin ƙarshen wata, tana son ta tsaya a taron makarantar 'yarta. Kada a karɓi komai a hannunta, kada a tambaye ta sunanta.

Likkafanina na ɗinka da kaina, yana ƙasan akwati. Kada kowa ya wahala.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Na yi ta ba ku abinci a makare saboda wata na zaune a ɗaki tana kuka. Allah Ya yi muku albarka, Ya shirya zuriyarku, Ya rufa muku asiri duniya da lahira. Ku riƙa haɗuwa a gidan nan ko sau ɗaya a wata, ku ci a kwano ɗaya, ko da ranku a ɓace. Wanda bai zo ba, kada a yi zancensa, a tashi a je a ɗauko shi.

Mahaifiyarku.