Albasar Ammu Shahata

Talata, 6 ga Fabrairu, 2024

Sakamakon gwajin Baba ya fito. Likita ya ɗaga hoton a gaban fitila, ya yi bayani na kusan minti goma. Ciwon daji ne a hanta, ya bazu, aiki ba zai yi amfani ba. Watanni ne, in ji shi, sanin ranar kuma sai Allah. Baba yana zaune, hula a kan gwiwa, bakina kawai yake kallo. Na ce masa likita ya ce hanta ce ta ɗan kumbura, za a ci gaba da magani. Ya ce alhamdu lillahi.

Shekara huɗu ke nan ina yi wa mutanenmu masu zuwa asibiti a Alƙahira tafinta, har yabona ake yi wai Abdurrahim ya iya tausasa magana. To, yau na tausasa ta ubana har ba abin da ya rage a cikinta.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Na kira Yaya Jibrin a Kura daga kan bene, don kada Baba ya ji. Ya ce kada in kuskura in faɗa masa, zai karaya, mutum da karayar zuciya ma kaɗai sai ya tafi. Ummi, mahaifiyarmu, ta karɓi wayar, sai kuka. Shawara ta tsaya: a bar shi nan yana shan magani, a ga abin da Allah zai yi.

Na yarda da sauri. Saurin ne ma yake damuna.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Rabin gurasa Baba ya ci. Wai burodin Misirawa kamar faifan da aka manta a rana.

Talata, 13 ga Fabrairu

Ismail, abokin zamana, ya bar mana ɗakin ya koma falo, Allah ya saka masa. Amma unguwarmu ta Ainu Shams ba wurin Baba ba ce. Hawa na biyar, taga tana kallon bangon maƙwabta, ƙarar tuktuk, adaidaita sahunsu, daga safe har yamma. Mutumin da shekara hamsin bai taɓa wuni ba tare da ya leƙa fadama ba. Yau ya tsaya a taga ya ce tun da ya zo ƙasar nan bai taka ƙasa ba, sai siminti, shin su waɗannan mutanen a ina suke samo abin da suke ci?

Zangon karatu ya fara, ban je darasi ko ɗaya ba. Na ƙarshe ne kuma. In na gama shi, digiri ya zo hannu.

Ismail ya nuna mini tallan wani ɗan Sudan, Mazin, da ke kai mutane yawon wuni guda a wani tsibiri na tsakiyar Nilu, nan cikin gari. Wai gonaki ne zalla, ko mota babu. Na rubuta sunanmu. Ina ganin don Baba na yi. Wataƙila kuma don in samu wuni ɗaya da ba za mu zauna mu biyu a ɗaki muna kallon juna ba.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Mun je. Bari in rubuta tun daga farko, ko zan gane inda na yi kuskure.

Jirgin ƙasa na metro, sannan ƙaramar bas, sannan wani lungu da ya gangara bakin ruwa. Mu goma sha ɗaya ne: wasu Misirawa miji da mata, ɗalibai 'yan Malesiya, wata Baturiya mai kyamara, da mu. Mazin dogo ne, mai fara'a, da 'yar tuta a hannu. Da ya ji muna Hausa sai ya daka tsalle, wai kakarsa Bahaushiya ce. Amma Hausar tasa daga "sannu" sai "ina gajiya", shi ke nan ta ƙare. Baba ya ce in gaya masa kakar ta yi masa rowa.

Jirgin fiton tsoho ne, da buhunan dusa da tukunyar gas a ciki. Minti biyar muka tsallaka. Abin mamaki, hagu da dama dogayen benaye sun tokare sama, ga babbar gada ta ratsa ta can bisa motoci suna ta gudu, amma muna sauka sai ƙamshin ɗanyar ciyawa da kashin shanu. Baba ya cire takalmi ya riƙe a hannu. Na ce akwai sanyi. Bai ko kalle ni ba.

Mazin ya bi da mu ta gaɓa tukuna. Masunta suna gyaran raga a kan kwalekwale da aka kife, mata suna wanke tukwane, agwagi ko'ina. Duk abin da ya faɗa ina juya wa Baba, wani wurin in ƙara gishiri, wani wurin in rage. Da Mazin ya yi dogon bayani kan yadda ruwa ke cin gaɓar kudu kowace shekara har wasu sun rasa gonakinsu, sai na ce wa Baba wai can ne aka fi kamun kifi. Ban ma yi tunani ba. Baki ya saba.

Daga nan muka shiga cikin gonaki. Kabeji, ayaba, ciyawar dabbobi shar da ita, da irin manyan baƙaƙen shanun nan nasu masu kama da ɓauna. Rabon da in ga Baba yana sauri haka tun ina yaro. Ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya murza, ya ce wannan ko tsinke ka dasa sai ya yi ganye. Ya tsaya kan injin ban ruwa ya daɗe yana sauraron ƙararsa, wai man da suke sa masa ba mai kyau ba ne.

Zango na ƙarshe kafin abinci gonar wani da ake kira Ammu Shahata ce, Ammu wato kawu a bakinsu. Dattijo ne mai rawani da baki cike da dariya. Ya ce shi manomin kabeji ne tun tasowarsa, bana ne karon farko da ya gwada albasa, ya kuma ba ta rabin gonar. Yana nunawa yana alfahari, Baturiya tana ta ɗauka. A idona dai albasa ce kore mai kyau.

Baba ya shiga fangalin ba tare da neman izini ba. Ya duba bakin ganyen, ya matsa wuyan ɗaya da yatsa, ya matsa na wata can gaba, ya tona gindi kaɗan. Sai ya miƙe ya ce in gaya wa mutumin nan albasarsa ta kamu, ruɓa ta shiga daga ƙasa, ruwa ya yi mata yawa. Ya tsayar da ban ruwa yau, ya cire ta ɗanya ya kai kasuwa cikin satin nan, zai tsira da rabi. In ya jira ta ƙosa, ko kwando ɗaya ba zai ɗauka ba.

Ni kuwa na dubi mutane, na dubi kyamara, na dubi dattijon da ya riga ya sa an shimfiɗa mana tabarma. Haba, daga zuwa baƙunta? Na ce wa Ammu Shahata, da Larabcina mai kyau, Alhaji ya ce ma sha Allah, albasa ta yi, Allah ya sa albarka. Ya dafa ƙirji yana murmushi yana godiya.

Baba ya dubi murmushin nan. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya dube ni.

Ya sunkuya ya tuge albasa ɗaya, ya miƙa hannu ga wuƙar da ke ɗamarar Ammu Shahata, ya tsaga ta biyu ya kai masa har gaban hanci. Cikin ya yi ruwan ƙasa, ga wari. Ya tuge ta biyu, haka. Ya nuna bututun ruwa ya yi alamar a rufe. Ya nuna fangalin duka ya yi alamar cirewa, ya ɗaga yatsu bakwai. Ba kalma ɗaya. Dariyar dattijon ta ɗauke, ya zauna a kan kunya ya riƙe kai. Can ya tashi ya je ya kashe injin da kansa, ya dawo ya kama kan Baba ya sumbata.

An kawo fitir, wainar nan tasu mai mai, da zuma da cuku. Ammu Shahata ya zauna kusa da Baba, suna ta zance da hannu da zane a ƙasa. Ba wanda ya neme ni. Na ci abincin ban ji ɗanɗanonsa ba.

Sauran sai gobe. Hannuna ya gaji, ko in ce dai ba na so.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

A jirgin dawowa ne. Mun zauna can baya kusa da buhuna, ruwa ya yi ja saboda yamma. Baba yana goge ƙafarsa da gefen riga. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, shi bai san Larabci ba amma ya san fuskar mutumin da aka gaya wa gonarsa ta mutu, kuma ba ta yin murmushi. Ya ce da ya bar dattijon nan da murmushinsa, nan da sati biyu ba abin da zai cira.

Sai ya ɗago.

"Ni kwana nawa ka bar ni da nawa murmushin, Abdu?"

Na ce Baba wane irin zance ne wannan. Ya ce likita ya yi magana har ya sha ruwa ya ci gaba, ni kuma na gama tawa kafin shi Baba ya mayar da hula kansa. Tun ranar ya sani akwai saura. Yana jira ne ya ga ko zan kawo da kaina.

Na faɗa masa. A cikin jirgin fito, tsakanin buhun dusa da wata Baturiya tana duba hotuna. Duka, har watannin. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina firamare, shi ne ma yake cewa in yi a hankali mutane suna kallo. Ya yi ta salati har muka taɓa gaɓa. Da zai sauka ya ƙi in riƙe shi.

Kunya nake ji, ba baƙin ciki kaɗai ba. Kwana goma sha ɗaya na ɗauke daga cikin abin da ya rage masa, na kashe su a hawa na biyar yana kallon bango.

Talata, 20 ga Fabrairu

Mun koma wurin likita, Baba ne ya ce a koma. Kafin mu shiga ya kafa mini sharaɗi: jimla ɗaya likita, jimla ɗaya ni, kuma in riƙa kallonsa. Haka aka yi. Ya tambaya ko zaman nan zai ƙara masa wani abu da ba zai samu a Kano ba. Likita ya ce kaɗan ne, maganin rage zafi kuma akwai shi a can. Ya tambaya ko zai ga damina. Na juya tambayar yadda take. Likita ya ce yana fata, amma ba zai yi alkawari ba. Na juya wannan ma yadda take.

Baba ya gyaɗa kai ya ce, "To, khalas." Wato shi ke nan da Larabci, a wurin Ismail ya koyo ta.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Yaya Jibrin ya yi mini tas a waya. Wai na kasa riƙe magana ɗaya, wai in wani abu ya faru ni ne. Ban kare kaina ba. Baba ya karɓi wayar ya ce masa ya sa a share ɗakinsa, ya kuma aika wa Kawu Ɗantsoho cewa yana son ganinsa ranar da ya sauka. Shekara tara ba sa magana da ƙanen nasa saboda iyakar wata gona. Ya ce zai zagaya da mu duka ya nuna wa kowa iyaka da ƙafarsa, kada a bar mana rigima.

Ya ci gurasa ɗaya da rabi yau. Ban san me zan yi da wannan ba.

Juma'a, 23 ga Fabrairu

Wani Alhaji daga Gusau ya kira, wai an ba shi lambata, zai kawo mahaifiyarsa asibiti kuma ba ya so ta san komai. Na ce ya nemi wani, ina da uzuri.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Jirgi ranar Alhamis. Mun je kasuwar Ataba Baba ya sayi tsaraba, 'yan kunne na Ummi da jallabiya ta Kawu Ɗantsoho, ya sa mai shago ya sauko da kusan goma kafin ya zaɓa. Ya gaji ƙwarai a hanyar dawowa, ya jingina da kafaɗata a metro. Bai taɓa yi ba.

Dama dole wani ya raka shi, ba zai iya canjin jirgi shi kaɗai ba. Rakiya ce kawai. Na gaya masa sati biyu zan yi in dawo in kama darasi, jarrabawa sai Mayu, akwai lokaci. Ya dube ni irin kallon ranar Asabar. Sai na ce ban sani ba, Baba, gaskiya ban san yaushe zan dawo ba. Ya ce to yanzu na ji.

Littattafaina na zuba a kwali na tura ƙarƙashin gadon Ismail. Ismail ya ga tikitina a kan tebur, ya ga na tafiya ne kaɗai, babu na dawowa.