Shekara huɗu ina jiran firji ya ba ni amsa

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni tela ce, kayan jarirai ma na fi ɗinkawa, ki ji abin takaici. Ciki uku na yi, duk a wata na bakwai jinina ke hawa, ƙafafuna su kumbura har takalmi ya ƙi shiga, a ƙarshe in koma gida hannu rabbana.

A na ukun ne wasu masu bincike a asibitin suka nemi jinina, da yawun maigidana, da ɗan yanki na mabiyiyar jaririyar. Suka ce za su haɗa da na mata dubu talatin, kwamfuta ta tace ta gano abin da ke jawo wannan. Na sa hannu. Suka ba ni wata 'yar takarda mai lamba, na manna ta a jikin keken ɗinkina. Tun ranar na fara shan maganin hana ɗaukar ciki, na ce ba zan sake ba sai sun faɗa mini laifin me jikina ya yi.

Shekara huɗu ke nan. Kowane wata sai na je ɗakin nan na ƙarshen baranda, inda firjin da suka adana abin da suka karɓa ke gurnani, har mai shara ta san ni. Makon jiya wata nas ta ji tausayina ta zaunar da ni. Wai an cire sunana tun farko, lamba ce kawai, kuma ko sun gano wani abu, ba wanda zai kira ni ya ce ga naki. Wallahi a bencin ƙofar ɗakin na zauna har aka tashi aiki.

Maigidana, bawan Allah, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma yanzu ya ce mu janye, su zubar da komai. Anti, wannan yankin shi kaɗai ya rage mini na 'yata. Shekarata talatin da tara. In sake gwadawa ina tsoro, in jira kuma lokaci na tafiya. Ban san inda zan sa kaina ba.

Mai Keken Ɗinki

'Yar uwa, sannu. Allah ya ba ki ladan haƙuri.

Nas ɗin ta yi miki gaskiya, ko da ta zo a makare. Irin wannan bincike tarin mata yake kallo, ba mace ɗaya ba, kuma yana cin shekaru. Ba yaudarar ki suka yi ba, amma ya kamata su fayyace miki tun ranar farko.

Maigidanki ma kada ki ga laifinsa. Ya gaji da ganin ki kina dawowa da jajayen idanu. Janyewa haƙƙinku ne, sai dai ba za ta kawo amsa ba. Ki faɗa masa abin da yankin nan yake a wurinki, kamar yadda kika faɗa mini. Ina zaton bai sani ba.

Tambayarki kuwa, ƙofar da kike bugawa ba tata ba ce. Ki tattara katunan awonki uku, ku je wurin likitan mata tare, kafin ki daina maganin. Shi zai duba ki da sunanki, ya faɗa muku haɗarin da kuma abin da za a iya yi. In kun ji, ku yanke shawara ku biyu, ko gwadawa ko haƙura, babu abin kunya a ciki.

Abin da kika bayar wataƙila ya ceci jariran da za ki ɗinka wa riga wata rana. Ki bar lambar ta yi jiran, ke ki tashi daga bencin nan. Allah ya sanyaya miki zuciya.